Tarihin Giya: Daga Tulunan Madina Zuwa Hantar Ɗan Adam

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, idan ka taɓa ganin kakarka ta ɗauko tandunta ta zizara wa jariri kwalli a ido, to ka riga ka san tushen sunan da duniya take kiran sinadarin maye da shi a yau, ko da ba ka ankara ba. Kwalli a Larabce shi ne al-kuhl. Da Turawa suka shiga fassara littattafan Larabawa na likitanci da haɗa sinadarai zuwa harshen Latin, sai suka ɗauki kalmar suna kiran duk wani gari mai tsananin laushi da ita. Da tafiya ta yi tafiya, ma'anarta ta koma zallar da ake fitarwa daga jikin wani abu. A ƙarni na 16 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Paracelsus, wanda ya rasu a 1541, ya kira zallar da ake tatsowa daga giyar inabi da wannan suna. Ita ce alkohol ɗin da kake gani a rubuce jikin kwalaben magani da na turare.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne, mafi yawanmu mun tashi mun san giya haramun ce, kuma iyakar saninmu ke nan. Ranar da matashi ya tsinci kansa a jami'a, ko a wurin bautar ƙasa, wani aboki ya miƙo masa kwalba yana cewa ai kashi 5 ne kawai, ba ta bugarwa, sai ya rasa ta cewa. Hukuncin ya sani, amma abin da aka yi hukuncin a kansa bai san shi ba.

Mece ce ita giyar?

Akwai wata 'yar ƙaramar halitta da ido ba ya gani, ita ce yis ɗin da masu biredi da masu fanke suke kwaɓa fulawa da shi. Tana nan a jikin ɓawon 'ya'yan itace, tana kuma yawo a iska. Abincinta sukari ne. Idan ta faɗa cikin ruwa mai zaƙi inda iska ba ta shiga sosai, sai ta cinye sukarin ta fitar da abu biyu: iskar da take sa kumfa, da wani sinadari da masana suke kira itanol. Wannan itanol shi ne mai bugarwa, kuma shi ɗin dai ne a cikin burukutu, da bammi, da giyar inabi, da giyar kwalba ta kamfani. Bambancinsu yawansa ne kawai. Sai a wajen 1857 ne Louis Pasteur na Faransa ya fara tabbatar da cewa halitta mai rai ce take wannan aiki. Kafin shi mutane sun shafe dubban shekaru suna ganin tukunya tana tafasa ba wuta, ba su san dalili ba.

Amma an san lokaci yana da hannu a ciki. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi a ruwa, yana sha har zuwa yammacin rana ta uku, daga nan abin da ya rage ba ya ƙara kwana. A ƙasa mai zafi irin Hijaz, kwana uku sun isa yis ya fara aikinsa.

Giya ta girmi rubutu. A wani tsohon kufai da ake kira Jiahu a ƙasar Sin, masu tono sun sami ragowar abin sha na shinkafa da zuma da 'ya'yan itace a jikin tukwanen da suka kai kimanin shekara 9,000. A ƙasar Jojiya an sami na inabi mai kimanin shekara 8,000. Dokokin Sarki Hammurabi na Babila, waɗanda aka rubuta wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun tanadi a jefa mai sayar da giya cikin ruwa idan ta yi algus a ciniki. Mu ma a nan ba baƙuwa ba ce. Kundin tarihin Kano, da yake lissafa manyan mutanen Barbushe a gindin Dala, ya ambaci maƙeri, da mai magani, da kuma mai dafa giya. Dawa ce dai ake jiƙawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta kwana.

Sai dai duk giyar waɗancan zamuna tana da iyaka. Yis ba ya iya rayuwa idan itanol ya kai wajen kashi 15 cikin 100. Abin da ya fitar shi yake kashe shi. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar da titunan Madina suka jiƙe

Balaraben jahiliyya bai ɗauki giya abin kunya ba. Abin alfahari ce, alamar kyauta da sakin hannu, mawaƙa kuma suna buɗe ƙasidunsu da ita. Masu tarihi sun kawo labarin mawaƙi Al-A'asha, wanda ya kamo hanya zai je ya musulunta, aka tare shi aka gaya masa wannan addini ya hana giya. Sai ya juya da niyyar ya sha ta shekara guda ya ƙoshi sannan ya dawo. Bai ga ƙarshen shekarar ba.

Cikin irin waɗannan mutane Alƙur'ani ya sauka, kuma bai fara da hani ba. A Makka, aya ta 67 ta Suratun Nahli ta ambaci abin maye da ake samu daga dabino da inabi, ta ware shi daban da arziki mai kyau, ta wuce. Mai lura ya lura. A Madina aka yi tambaya, sai aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta amsa cewa a giya da caca akwai zunubi babba da wasu amfanoni, amma zunubin ya rinjayi amfanin. Wasu suka bari, wasu suka ci gaba, kuma ba a kira masu ci gaban masu saɓo ba.

A wannan tsakani ne abin da Bukhari ya ruwaito game da Sayyidina Hamza (RA) ya faru. Sayyidina Ali (RA) yana da raƙuma biyu da ya samu bayan Badar, yana shirin yin dakon ciyawar izhir da su ya sayar wa maƙeran zinariya, don ya sami abin walimar aurensa da Nana Faɗima (RA). Ya ɗaure su kusa da wani gida inda Hamza yake sha tare da wasu. Ko da ya dawo, ya tarar an yanke tozayensu, an farke cikinsu, an ciro hantarsu. Ya kai kuka wurin Manzon Allah (SAW). Da Annabi ya je yana yi masa faɗa, Hamza, idanunsa jajur, ya dube su sama da ƙasa ya kira su bayin mahaifinsa. Annabi (SAW) ya gane ba ya cikin hayyacinsa, ya ja da baya ya fita. Wannan fa Zakin Allah ne, shugaban shahidai, mutumin da ya musulunta saboda kishin ɗan ɗan'uwansa. Ba a haramta ta ba a lokacin, don haka babu laifi a kansa. Na kawo labarin ne don ka ga ba ta duba girman mutum.

Sai kuma walimar da Abdurrahman bin Auf (RA) ya shirya, aka ci aka sha, lokacin salla ya yi, wanda ya ja sallar ya birkita karatun Suratul Kafirun har ma'ana ta juye. Aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta sauka ta hana kusantar salla cikin maye. Duba yadda wannan ya matse mashayi: daga azahar zuwa isha salloli huɗu ne kusa da kusa, babu tazarar da mutum zai sha ya wartsake. Sai bayan isha, ko da hantsi.

Hani na ƙarshe ya zo a aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida. Daga cikin dalilan saukarsu, kamar yadda Muslim ya ruwaito, akwai wani zama da Sa'ad bin Abi Waƙƙas (RA) ya yi da wasu Ansar, aka sha, aka shiga gasar fifiko, wani ya ɗauki ƙashin muƙamuƙin raƙumi ya fasa masa hanci. Malamai sun yi saɓani kan shekarar, daga ta 3 zuwa ta 8 bayan hijira, amma bayan Uhudu ne, domin akwai waɗanda suka sha da safiyar Uhudu suka yi shahada a ranar. Damuwar da sahabbai suka yi game da irinsu ce aya ta 93 ta zo ta kwantar.

Anas bin Malik (RA), yana yaro a lokacin, shi ne yake zagayawa da ƙoƙo a gidan Abu Ɗalha, cikin baƙin har da Abu Ubaida da Ubayyu bin Ka'ab. Abin shansu na ɗanyen dabino ne da busasshe. Sai suka ji mai shela a waje. Ba wanda ya ce a jira a tabbatar, ba wanda ya ce bari na ƙarasa wannan. Abu Ɗalha ya ce wa Anas ya tashi ya zubar, ta kwarara a lungunan Madina. Kuma dukiya ce aka zubar. Shi Abu Ɗalhan ya tambaya game da giyar da wasu marayu suka gada, ko a mayar da ita khal, wato ruwan tsami, aka ce a'a, a zubar.

Nana A'isha (RA) ce ta fi kowa fayyace sirrin. A ruwayar Bukhari ta bayyana cewa surorin da suka fara sauka zancen aljanna da wuta suke yi, sai da zukata suka natsu sannan halal da haram suka biyo baya, kuma da hana giya aka fara da shi, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba.

Tafiyarta a cikin jiki

Sayyidina Umar (RA) ya taɓa bayyanawa a kan mumbari cewa ana yin giya da inabi, da dabino, da zuma, da alkama, da sha'ir, sannan ya ce duk abin da ya lulluɓe hankali shi ne giya. Kalmar khamr tushenta ɗaya da khimar, mayafin mace. To, ga yadda lulluɓin yake faruwa.

Itanol ba ya jiran narkewa kamar tuwo. Kaɗan daga cikinsa yana ratsa bangon tumbi, mafi yawansa kuma ƙaramin hanji ne yake tsotse shi zuwa jini, cikin 'yan mintoci ya isa ƙwaƙwalwa. Idan ciki ba abinci ya fi sauri. Mace kuma ta fi namiji saurin kamuwa ko da nauyinsu ɗaya, saboda ruwan jikinta bai kai nasa yawa ba.

A ƙwaƙwalwa akwai saƙonni masu cewa "tsaya" da masu cewa "tafi". Itanol yana ƙara wa na farko ƙarfi, yana danne na biyu. Wato shi mai kashe jiki ne, ba mai ƙara kuzari ba, duk da surutu da dariyar da kake gani. Dalilin surutun shi ne, inda tasirinsa yake fara bayyana shi ne goshin ƙwaƙwalwa, wurin kunya da auna magana da hangen abin da zai biyo baya. Birkin ne ya fara lalacewa, shi ya sa motar take gudu. Idan aka ƙara, sai ya taɓa sashen ƙeya mai daidaita tafiya, ga tangaɗi, ga harshe ya yi nauyi. Idan aka ƙara, sai wurin ajiye sabon tunani ya daina aiki, mutum ya yi magana, ya yi faɗa, ya saki matarsa, gari ya waye bai tuna komai ba. Can ƙasa kuma akwai jijiyar da take riƙe da numfashi. Idan itanol a jini ya kai wajen kashi 0.4 cikin 100, tana iya tsayawa. Wani kuma ba ya kaiwa nan, amai ne yake shaƙe shi yana barci.

Ɗumin da mashayi yake ji yaudara ne: jijiyoyin fata ne suka buɗe, zafin jiki yana fita. Yawan fitsarin kuma saboda an danne sinadarin da yake umartar ƙoda ta riƙe ruwa ne.

Wahalar duka tana kan hanta, ita take sarrafa fiye da kashi 90 cikin 100. Tana fara juya itanol zuwa wani sinadari mai suna asitaldihayid, wanda ya fi shi dafi, sannan ta juya wannan zuwa wani abu mai kama da ruwan tsami da jiki yake iya ƙonewa. Kuma ba ta gaggawa. Abin da take iya sarrafawa bai wuce giram 7 zuwa 10 a awa ɗaya ba. Babbar kwalba mai mililita 600, irin mai kashi 5 ɗin da abokinka ya rena, tana ɗauke da kusan giram 24, aikin wajen awa uku ke nan. Gahawa, da goro, da wanka da ruwan sanyi, ba ɗaya da yake ƙara wa hanta sauri. Iyaka ka sami bugagge mai ido biyu.

Idan abin ya zama na kullum, hanta tana fara tara kitse, sannan ta kumbura, sannan ta cika da tabo ta ƙanƙance ta yi tauri. Likitan Faransa René Laennec ne ya sa wa wannan mataki na ƙarshe suna a 1819. Matakin kitse yana warkewa idan an bari. Tabon da ya kafu kuwa da wuya ya koma. A ƙasashenmu abin ya fi haɗari, domin ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Afirka ta Yamma, da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba, giya kuwa a kan irin wannan hanta ƙarin itace ne a wuta. Shi kuma asitaldihayid yana lalata ƙwayoyin gado, shi ya sa tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa giya a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, rukuni ɗaya da taba: ta baki, da maƙogwaro, da hanta, daga baya aka ƙara ta hanji da ta nono. Yana kuma ratsa mahaifa ya isa ga ɗan tayi, abin da likitoci suka bayyana a Faransa a 1968 da Amurka a 1973.

Za ka ci karo da masu cewa 'yar kaɗan tana gyara zuciya. Zancen ya yi tashe daga 1991. Daga baya aka gano cewa a yawancin binciken, cikin rukunin "marasa sha" an cusa waɗanda rashin lafiya ce ta sa suka daina, don haka masu sha kaɗan suka fito kamar sun fi su lafiya. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi da za a kira shi marar haɗari. Rahotonta na 2024 ya ƙiyasta mutum miliyan 2.6 ne suka mutu ta dalilin giya a 2019, miliyan 2 daga ciki maza. Lokacin da Ɗariƙ bin Suwaid ya gaya wa Annabi (SAW) cewa shi don magani yake haɗa ta, amsar da ya samu, a ruwayar Muslim, ita ce cuta ce ba magani ba.

Da aka karya iyakar yis

Mu koma kan kashi 15 ɗin nan. Itanol yana tafasa a digiri 78, ruwa kuma sai 100. Idan ka ɗora giya a wuta, tururin itanol ne yake rinjaye a farko. Ka bi da shi ta bututu mai sanyi, ya ɗiga a wani mazubi, ka sami abin da ya kai kashi 40 ko fiye. Ita ce barasa.

A nan akwai maganar da ya kamata mu yi wa kanmu gaskiya. Sau da yawa za ka ga an rubuta cewa Musulmi ne suka ƙirƙiro alkohol, ana faɗa da alfahari. Abin da ya tabbata shi ne masana irin su Al-Kindi a Bagadaza a ƙarni na 9, da Az-Zahrawi a Andalus wanda ya rasu wajen 1013, sun ƙware a tatsar tururi, mafi yawa don ruwan wardi da turare da magani, kuma rubuce-rubucen da ake jingina wa Jabir bin Hayyan sun ambaci tururin giya mai kama wuta. Sunan tukunyar ma, al-anbiƙ, daga wurinsu Turawa suka karɓa. Amma fitar da barasa mai ƙarfi a fili ya bayyana ne a Italiya a ƙarni na 12 da na 13, inda likitoci suka sa mata suna ruwan rai, suna ba marasa lafiya a cokali. Daga cokali ta koma kofi. Tsakanin 1720 da 1751 barasar jin ta kusa cinye talakawan Landan, har majalisa ta yi ta kafa doka bayan doka.

Barasa ba ta lalacewa a tafiyar teku, ga ta da ƙarfi a ƙaramin mazubi. Wannan ya sa ta zama kuɗi a cinikin bayi. Bawan da aka kai gonar rake a tsibiran Karebiyan, da ragowar ruwan rakensa ake dafa barasar ram, a loda ta a jirgi zuwa gaɓar Afirka a sayo wani bawan. Bayan an hana cinikin bayi, sai jin daga Holan da Jamus ta maye gurbi, har kwalabenta suka zama kuɗin ciniki a yankin Neja Delta.

A ƙasar Hausa kuwa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riga ya lissafa shan abin da aka ga dama ba tare da duba halal ko haram ba cikin laifuffukan sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi. Da Turawa suka zo, yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta tanadi hana shigar da barasa yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, aka sa Arewacin Nijeriya a ciki. Kada ka yi saurin yaba musu. A Kudu, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuɗin fiton barasa ya kai wajen rabin kuɗin shigar gwamnatin mulkin mallaka, kuma daga baitulmalin Kudun ake tallafa wa gwamnatin Arewa duk shekara. Da fito ya yi tsada a wajen 1930, mutane suka koyi dafa tasu a ɓoye daga bammi, ita ce ogogoro. Haɗarin irin wannan shi ne gaurayuwa da wani ɗan'uwan itanol mai suna metanol, wanda jiki yake juyawa zuwa dafi mai kashe jijiyar ido. A 2015 ya kashe gomomin mutane a jihohin Ondo da Ribas.

Gwajin Amurka

Ranar 17 ga Janairun 1920 Amurka ta haramta yin giya da sayar da ita da safararta, bayan gwagwarmayar shekaru da mata da malaman coci suka jagoranta. Matan sun gaji da mazan da suke shanye albashi su dawo gida da duka. Ranar 5 ga Disamban 1933 aka soke dokar. Masu wa'azinmu suna son wannan labari, sukan ce ta faɗi warwas. Ba haka ba ne gaba ɗaya. Sha ya ragu ƙwarai a farko, mutuwa ta ciwon hanta ta yi ƙasa, ko daga baya da ya sake hawa bai koma yadda yake ba sai bayan shekaru. Amma dokar ba ta hana shan kansa ba, likita yana da ikon rubuta wa mutum wiski a matsayin magani, 'yan daba irin su Al Capone na Chicago suka yi kuɗi, 'yan sanda suka koyi karɓar na goro, dubbai kuma suka mutu da shan alkohol ɗin masana'antu wanda gwamnati ta sa a zuba wa guba don kada a sha. Da tattalin arziki ya karye a 1929, gwamnati ta tuna da harajin da take asara.

A ganina bambancin bai wuce wanda ya zubar da tulun ba. A Amurka ɗan sanda ne ya fasa ganga mai ita yana kallo yana cizon yatsa. A Madina mai tulun ne ya ce a zubar. Kuma wannan bai zama gadon jini ga Musulmi ba: a Bagadazar Abbasiyawa aka yi Abu Nuwas, wanda ya yi suna da waƙen giya, Sarkin Usmaniyya Murad na Huɗu kuma, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1640, sai da ya kai ga kisa a kan hana ta. Mu ma da muka rufe mashaya a jihohinmu daga shekarar 2000, matasanmu suka koma kwalbar maganin tari mai kodin, har gwamnatin tarayya ta hana shi a Mayun 2018. Ba warin giya a baki, amma lulluɓin da Umar ya faɗa yana nan.

Wanda ya riga ya faɗa

Likitan Suwidin Magnus Huss ne ya fara kiran jarabar giya da sunan cuta mai zaman kanta a 1849. Ƙwaƙwalwar da ta daɗe ana danne ta tana ƙara wa saƙonnin "tafi" ƙarfi don ta daidaita. Idan aka janye giyar farat ɗaya, sai su yi ambaliya: karkarwa, gumi, farfaɗiya, daga rana ta biyu zuwa ta huɗu kuma gane-gane da ruɗewa, wanda yakan yi kisa. Don haka ɗan'uwan da ya shekara yana sha kullum, ya tuba yau, asibiti za a kai shi, ba ɗaki za a kulle shi da mari ba.

A zamanin Annabi (SAW) akwai wani mutum mai suna Abdullahi, ana masa laƙabi da Himar, mai ba Annabi dariya. An sha kawo shi a kan giya ana yi masa haddi. Rannan wani ya tsine masa saboda yawan kawo shi da ake yi. Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Bukhari ne ya ruwaito.

Irinsa ne Abu Mihjan As-Saƙafi, jarumi kuma mawaƙi, wanda bulala ta kasa raba shi da ita. A yaƙin Ƙadisiyya, wajen shekara ta 15 bayan hijira, kwamandan rundunar shi ne Sa'ad bin Abi Waƙƙas, mutumin nan da aka fasa wa hanci a wurin sha tun a Madina. Sa'ad ya sa aka ɗaure Abu Mihjan. Yana jin ƙarar takubba daga inda yake, ya roƙi matar Sa'ad, Salma, ta kwance shi, da alkawarin in ya tsira zai dawo ya mayar da ƙafarsa cikin mari. Ta kwance shi. Ya hau Balƙa'u, goɗiyar Sa'ad, ya rufe fuska ya kutsa cikin Farisawa. Sa'ad, wanda ciwo ya hana shi hawa, yana kallo daga saman soro yana mamaki: goɗiyar kamar tasa, saran kamar na Abu Mihjan, amma ai Abu Mihjan yana ɗaure. Da dare ya yi, mutumin ya dawo ya mayar da marinsa. Da Sa'ad ya ji labari, ya kwance shi da hannunsa, ya ce ba zai sake dukansa a kan giya ba. Abu Mihjan ya amsa cewa a da yana sha ne yana ganin bulalar tana wanke shi, tun da yanzu an ɗauke ta, shi ma ya rantse ba zai ƙara sha ba.